Idan Kuka Ji Na Fara Waƙa

Yaron ya saki bakin kwalbar, madara ta gangaro masa a haɓa, ya ɗaga ido ya yi murmushi. Ba uwarsa ya yi wa ba. Idonsa ya tsallake fuskarta, ya bi ta saman kafaɗarta ta hagu ya tsaya a can, kamar wanda ya hango ɗan uwansa a cikin taro.

Malama ba ta waiwaya ba. Ta san babu kowa. Yayarta tana banɗaki, ga ƙarar ruwa nan yana zuba a bokiti. Maigidan kuwa ya fita shagonsa na gyaran firji tun ƙarfe bakwai. Bango ne kawai a bayanta, sai wata ƙusa da aka taɓa rataye kalanda. Duk da haka tsikar jikinta ta tashi tun daga wuya har gadon baya. Yau kwana tara ke nan tana lura da wannan abu, ba ta faɗa wa kowa ba.

"Alƙali," ta ce a hankali. "Ga ni nan."

Ya dawo da idonsa kanta. Murmushin ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ya dube ta da kallon nan da ya sa ubansa ya laƙaba masa sunan tun yana ɗan kwana goma: gira a haɗe, baki a tsuke, sai ka ce an kawo masa shari'ar gado. A da kowa haka yake yi wa, ana ta dariya. To amma yanzu watansa huɗu, ya saki jiki da duniya. Yana yi wa ubansa dariya har da shaƙuwa. Yana yi wa Yaya. Kai, har mai kawo tukunyar gas, mutumin da ko haƙoran kirki ba shi da su, yana samun rabonsa. Uwar da ta haife shi ce kaɗai har yau take tsaye gaban kotu, kuma abin yana cin ranta ba kaɗan ba.

Yaya ta shigo tana goge hannu a gefen zane.

"Ya shanye? Ke fa, kin sha naki?"

"Na sha."

"Barci awa nawa?"

"Takwas."

Yaya ta ɗauki 'yar robar magani ta leƙa gidan ranar Talata, ta ga wayam, ta mayar. Sannan ta zagayo ta tsaya a bayan ƙanwar tata, ta leƙo da kai, ta kumbura kumatu ta zaro ido. "Wane ne wannan? Wane ne wannan mai tumbin? A ba ni shi in cinye!" Yaron ya wuntsila ƙafafu ya ƙyalƙyale. Malama tana jin dariyarsa tana girgiza mata hannu.

Ciwon da Malama take shan wa magani yana da suna na Turanci da Yaya ta kasa riƙewa, saboda haka ta raɗa masa Baƙuwa. Baƙuwa ba ta sallama. In ta zo, da daɗi take farawa: jiki ya yi sakayau, barci ya zama ɓata lokaci, magana ta riƙa zuba kamar famfon da ya lalace. In ta gama abin da ya kawo ta ta tafi, sai ta bar mutum a kwance wata da watanni yana kallon bango, ko cokali ya yi masa nauyi.

Shekara uku da suka wuce Malama tana koyar da ƙananan yara a wata 'yar makaranta a bakin babban titi. Waƙa ce rabin aikinta. Yaran ba sa ƙirga sai da waƙa, ba sa wanke hannu sai da waƙa. Don haka da ta fara rerawa a kicin, a mota, a layin shago, babu wanda ya kawo komai a ransa. Kwana huɗu ba ta runtsa ba. A rana ta biyar ta buɗe ƙofar makaranta ta fita da yara talatin da biyu, kowa riƙe da rigar na gabansa, tana gaba tana bayarwa suna amsawa, har tsakiyar titi. Allah ya tsare, direban wata babbar mota ya taka birki har taya ta yi hayaƙi. Ko ƙwarzane babu yaron da ya yi. Amma har gobe in ta rufe ido tana jin amshin yaran nan da ƙaurin tayar.

Da ta samu ciki, likitanta ya zaunar da su su uku, ita da maigidan da Yaya. Ya ce bayan haihuwa ne ciwon ya fi son dawowa. Ya miƙa mata biro ya ce tun tana cikin hankalinta ta rubuta wa 'yan uwanta alamomin da kanta, tunda ita ta fi kowa sanin yadda yake fara mata. Ta rubuta da kyakkyawan rubutunta na kan allo:

"Idan na daina barci. Idan magana ta yi mini yawa. Idan ina dariya ba dalili. Idan kuka ji na fara waƙa. Ku kai ni asibiti a ranar. Ko na ce muku lafiyata ƙalau, kada ku yarda da ni. Yaro ya zauna wajen Yaya har likita ya sallame ni."

Duk suka sa hannu. Maigidan ya manna takardar a bayan ƙofar ɗaki da gam. Gidan Yaya kuwa tafiyar awa shida ce a mota, kuma wancan karon sati shida Malama ta yi a asibiti.

Ba wanda ya yi mugunta, wallahi. Yaya ta baro gidanta da mijinta da jikoki biyu ta zo ta tare a ɗan ɗakin baƙi. Maganin da ke riƙe da Malama ya hana ta shayarwa, sai kwalba. Don kada barcinta ya ɓaci, yaron a wajen Yaya yake kwana. Ita kuma ta ɗauki takardar nan kamar jarrabawa, alhali ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ta koyi magana a gajarce. Ta koyi haɗiye dariya tun tana maƙogwaro. In abu ya taso mata a ƙirji, sai ta ɗora hannuwa a gwiwa ta ƙirga goma. Wata huɗu ke nan, ko sau ɗaya ba a kama ta da alama ba, har maigidan yana yaba mata a gaban mutane.

Ranar ce ranar allurar rigakafi. Suka hau bas, Yaya rungume da yaron, Malama riƙe da jakar kaya. Direba ya kunna rediyo, ana wata waƙa mai kiɗa a hankali. Malama ba ta san lokacin da babban yatsan ƙafarta ya fara motsi a cikin takalmi ba. Yaya kuwa ta gani. Ta sauke ido kan takalmin ta bar shi a can, har yatsan ya tsaya.

Wata mata mai kiret ɗin ƙwai a cinya ta riƙa yi wa yaron wasa da ɗan kunnenta, yana miƙa hannu yana gwaranci.

"Tubarkalla! Autanki ne?" ta tambayi Yaya.

"Ni da na tsufa? Ga uwarsa nan."

Matar ta juyo ta dubi Malama, ta ɗan daɗe tana duba. "Ayya," ta ce. "Sannu. Ba ta jin daɗi ne?"

Malama ta juya wajen taga. Gilashin yana da duhu, sai ta ga wata mace a ciki tana kallonta, fuska a shafe, ido ba ya ƙiftawa. Ta ɗauki lokaci kafin ta yarda ita ce. Ta ce a ranta, in ni ce jariri, ni ma ba zan yi wa wannan dariya ba. Daga nan wani tunani ya biyo baya, wanda ya kwana tara yana bibiyarta: in ba ita yaron yake yi wa murmushi ba, to waccan ce. Baƙuwa, mai waƙar. Ta dawo, tana tsaye a bayanta tana jira, kuma yaron ya riga kowa ganinta. An ce jarirai suna ganin abin da manya ba sa gani.

A asibitin yara mata sun cika benci, kuka ta ko'ina. Sistar da ke allura tsohuwa ce, gajeriya, tabarau rataye da zare a wuya, bakinta ba ya hutawa. Ta ɗora yaron a sikeli ta ce, "Kai! Wannan ai buhun siminti kuka kawo mini. Wa ke ba shi abinci, in je in zauna gidansu?" Ta zuƙi allura. "Uwa ta riƙe cinya."

Malama ta riƙe. Allura ta shiga, yaron ya ɗauke numfashi, sannan ya tsala ihu. Ya banƙare a hannunta, yana juya kai hagu da dama, bai ko bi ta kan fuskarta ba. Da ya hango Yaya sai ya miƙe jiki wajenta. Yaya ta karɓe shi caraf, tana jijjigawa tana zagin allurar da wanda ya ƙera ta.

Sista ta dubi wannan ta dubi waccan ta saman tabarau. Ta yi rubutu a kati.

"Babbar yaya, ga wannan. Ki je taga ta uku a ba ki maganin zazzaɓi. Bar shi wajen uwarsa."

"Ai da na tafi da shi, yana kuka."

"Ba gishiri ba ne, ba zai narke ba. Je ki, layin yana da tsawo."

Yaya ta fita ba don ranta ya so ba. Sista ta ja labule. Yaron yana cinyar Malama yana ajiyar zuciya, hawaye a kunne. Can sai ya ɗaga ido ya bi ta saman kafaɗarta ta hagu, ya tsaya.

"Kin gani?" Malama ta ce. Ba ta yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta kuɓuce. "Kullum haka yake yi. Akwai abin da yake gani a bayana."

"Me kike jin yake gani?"

Malama ta ƙara jawo yaron jikinta.

Sista ta zagayo ta tsaya a bayanta, ta leƙa inda yaron yake kallo, ta dawo. "Labule ne, kuma yana buƙatar wanki. Faɗa mini, in kina ba shi madara, wa ke tsayawa a nan?" Ta dafa mata kafaɗar hagu.

"Yaya."

"Kullum?"

"Kullum."

"Tana yi masa wasa?"

"E."

"Ke kuma kina me?"

"Ina riƙe kwalba."

Sista ta tafa hannu sau ɗaya. "To ina aljani a nan? 'Yata, yaron nan ba wawa ba ne. Ya gane hannu a nan yake, fuska kuma a can take. In ya ƙoshi sai ya leƙa inda fuska take fitowa, ko tana nan ko ba ta nan. Tun da kika shigo nake kallonki, ko gira ba ki ɗaga ba. Hoton katin shaida ma ya fi ki motsi."

Wani abu ya saki a cikin Malama, har ta ji jiri. Ashe ba kowa. Amma sauƙin bai daɗe ba, don abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo.

"To ya zan yi?"

"Ki yi masa hauka mana, kamar kowace uwa! Ki yi masa surutu, ki murguɗa baki, ki yi masa waƙa. Yanzu ne yake zaɓen mutanensa, ba jiranki zai yi ba."

"An hana ni waƙa."

"Wane mara aikin yi ne ya hana ki?"

"Ni."

Sista ta buɗe baki, sai aka leƙo ta labule aka ce wani yaro yana amai a waje. Ta ɗauki safar hannu. "In kina da likita, ki gaya masa abin da na ce," ta faɗa tana fita. Ranar ganin likitan Malama saura sati biyar.

A hanyar tashar bas, rana ta take, Yaya tana gaba da yaron a kafaɗa. Malama ta daɗe tana shirya maganar a bakinta don ta fito a hankali, ba sauri, ba zumuɗi.

"Yaya, sista ta ce in riƙa yi masa waƙa."

Yaya ta tsaya cak. "Wace sista?"

"Mai allurar."

"Yaushe? Ni ban ji ba."

"Da kika je karɓo magani."

Yaya ta juyo gaba ɗaya. Ta duba idon ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. "Mu koma ta maimaita a gabana."

Suka koma. Wata yarinyar ma'aikaciya ce zaune a kujerar, ta ce an canji aiki ƙarfe ɗaya, kuma sistocin safe masu tabarau sun kai uku, wacce a ciki? Malama ba ta san sunanta ba. Suka sake fitowa cikin rana.

"Auta," Yaya ta ce a tausashe, sunan da ba ta kiran ta da shi sai abu ya yi tsanani. "Wancan karon ma cewa kika yi hedimasta ne ya ce ki fita da yaran."

Gaskiya ne. Malama ta faɗa, kuma a lokacin, da kunnenta ta ji hedimastan ya faɗa, har da yadda ya gyara hularsa. A cikin bas ta yi ta ƙoƙarin tuno fuskar sistar. Zaren tabarau baƙi ne ko ja? Ta dafa kafaɗarta ta hagu, inda aka dafa ta ɗazu, ba ta ji komai ba sai zufa. Tsoro ya kama ta sosai.

Da la'asar jikin yaron ya yi ɗumi. Aka ba shi magani, ya ƙi barci, yana ta ƙananan koke-koke. Yaya ta dubi tulin wankin da ta jiƙa tun safe, ta dubi ƙanwarta da ke zaune bakin gado hannuwa a gwiwa.

"Zan hau sama in shanya. Minti goma. Ki dai riƙe shi kawai."

Takun Yaya ya hau bene ya ɓace. Gidan ya yi tsit, sai firjin da maigidan ya kasa gyarawa yana gurnani a falo.

Malama ta kwantar da yaron a cinyarta, kansa a tafin hannuwanta. Ya dube ta sau ɗaya, ya wuce wajen da ya saba. Ta karkata kai hagu a hankali ta sa fuskarta daidai inda yake kallo. Ya ƙara matsar da ido gefe, yana leƙen bayan kunnenta. Leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Yana neman mutum, ga shi a hannun uwarsa. Allah sarki.

"Ba kowa a can," ta ce. "Ni ce kawai."

Muryar ta fito a bushe, irin ta mai karanta sanarwa. Ta gwada ɗaga gira, ta ji fuskar ta yi tauri kamar takalmin da aka daɗe ba a sa ba. Ta juya ta dubi ƙofa. A buɗe take, takardar tana ɓoye a bayanta, amma ko a rufe ido za ta iya karanta ta. Sati shida, wataƙila fiye. Awa shida a mota. In ta dawo zai zauna da kansa, ƙila har da haƙori, kuma zai dube ta kamar mai kawo gas, ko ma bai kai haka ba. To in ta yi shiru fa? Yana hannunta kullum, kuma kullum yana ƙara nisa.

Ba ta buɗe baki ba da farko. A hanci abin ya fara, ƙasa-ƙasa, sauti uku suna hawa suna sauka. Yaron ya daina motsi. Ta ƙara. Sannan kalmomi suka zo da kansu, ba ta neme su ba:

"Alƙali, Alƙali, wa ya taɓa ka?
Allura ce, mai ƙaramin baki.
A kamo ta, a ɗaure ta,
a kai ta gidan yari, ta kwana bakwai."

Idonsa ya baro bango. Ya zo kan bakinta ya tsaya, girar nan a haɗe, yana binciken inda sautin yake fitowa. Ta sake rerawa, ta ja "bakwai" ɗin har ta kumbura kumatu. Idon ya hau, ya samu nata. Ba ta taɓa sanin akwai ɗan ɗigon baƙi a farin idonsa na dama ba. Wata huɗu, ba ta sani ba.

Sai gefen bakinsa ya motsa. Ya buɗe dasashi gaba ɗaya, ya ce, "Agu."

Daɗi ya taso mata daga ciki, mai zafi, ya cika ƙirji ya hau maƙogwaro. Nan take ta gane shi, ta firgita. Haka yake farawa. Wannan sakayau ɗin, wannan hasken da ke sa komai na ɗaki ya yi kyau, kalmomi suna zuwa a jere ba wahala. Ta tsaya ta binciki kanta da sauri. Ta sha magani. Ta yi barci awa takwas. Ta san yau Talata. Amma wancan karon ma ta san ranar, ta san sunayen yara talatin da biyu ba kuskure. Ta rasa ta inda za ta bambance ciwo da son ɗanta, don a wuri ɗaya take jin su.

Da ta yi shiru, murmushin ya fara dusashewa. Idonsa ya soma zamewa wajen kafaɗa.

"A'a," ta ce. "Nan. Dawo nan."

Ta ɗora daga inda ta tsaya, wannan karon da cikakkiyar muryarta, muryar da take isa bayan aji. Ta sa allura ta ɗaukaka ƙara, ta sa sikeli ya ba da shaida, ta sa kwalbar madara ta tsaya beli. Yaron yana harba ƙafa yana ƙyalƙyalawa, ya kamo leɓenta da 'yan yatsu masu ɗumi ya ja. Ta yi dariya a cikin hannunsa.

Ba ta ji saukowar Yaya ba. Ƙarar bokiti ta ji da ya faɗi a bakin ƙofa ya gangara.

Yaya tana tsaye, hannu a ƙirji, ido a zare. "Innalillahi," ta ce. "Tun daga sama nake ji. Na ce rediyon maƙwabta ne. Na roƙi Allah ya sa rediyo ne."

"Yaya, zo ki gani. Ni yake kallo."

"Miƙo shi."

"Dube shi kawai, don Allah. Lafiyata ƙalau."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Yaya ma ta ji. Hawaye suka zubo wa Yaya, ta jawo ƙofar ta juyo da bayanta, ta ɗora yatsa a kan layin ba tare da ta duba ba.

"Ba ni na rubuta ba, Auta. Ke kika riƙe hannuna a gaban likita kika ce, Yaya, ko na yi kuka, ko na zage ki. Kika sa na rantse. In na yarda da ke yau, gobe na tashi na tarar kin fita da shi titi fa? Me zan ce wa ubansa? Me zan ce miki, ranar da kika dawo hayyacinki?"

Malama ta dubi yaron a cinyarta. In ta yi gardama, magana ta yi yawa. In ta ƙanƙame shi, an ce ta fara. Kuma can ƙasan ranta ba za ta iya rantsewa Yaya ta yi kuskure ba. Ta sunkuya ta sa hancinta a wuyan yaron ta shaƙa, sannan ta ɗaga shi da hannu biyu ta miƙa.

Yaya ta karɓe shi ta ɗora a kafaɗa, ta juya za ta fita falo wajen waya.

Yaron ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya. Sai ya banƙare. Ya tsala ihun da ya fi na allura, ya ture wuyan Yaya da hannu, yana murɗa kai baya, yana neman gado. Yaya ta jijjiga shi, ta kumbura kumatu, ta ce wane ne mai tumbin. Ko kallonta bai yi ba. Ya samo uwarsa ta gefen ƙofa ya kafe ta da jiƙaƙƙun idanu, yana kuka har muryarsa tana shaƙewa.

Malama ta toshe bakinta da hannu biyu, amma ina. Dariyar ta ɓalle ta tsakanin yatsunta, hawaye suna bin ta, kafaɗunta suna rawa. Ita yake yi wa. Ita yake nema.

Daga falo ta ji Yaya ta samu maigidan, tana magana ƙasa-ƙasa cikin kuka.

"Rufe shagon ka nemo mota. E, ta fara. Waƙa, da ƙarfi. Yanzu haka ma yaron yana ta tsala ihu, ita kuwa dariya take yi."

Malama ta share fuska da gefen mayafi. Ta tashi ta sauko da jaka daga saman kabad, ta buɗe ta a kan gado.

"Yaya," ta ɗaga murya kaɗan, daidai yadda za a ji ta a kan kukan. "Kafin motar ta zo, ki tsaya da shi a bakin ƙofa inda zai riƙa ganina."